Rage Wa Ƙananan Yara Shan Zaƙi: Nasiha ga Sababbin Iyaye da Yayye

Abin sha mai sukari shi ne duk wani ruwa da aka zuba wa zaƙi domin a sha, ko a masana'anta aka haɗa shi ko a madafin gida. Lemon kwalba da na gwangwani da na roba su ne suka fi saurin faɗowa a rai, amma dangin suna da yawa. Akwai lemon kwali mai hoton 'ya'yan itace, da madarar yara mai ɗanɗanon cakulan ko ayaba, da yogot ɗin leda, da malt, da garin lemo da ake kaɗawa a ruwa, da lemon ƙara kuzari. Akwai kuma na gida: zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, lamurje, shayi, koko da fura, muddin an antaya musu sukari. Cikin yaro bai san wanda aka saya a kanti da wanda uwa ta dama da hannunta ba. Yawan sukarin da ya shiga, da yawan lokutan da ya shiga, su ne abin da jiki ke lissafawa.

Maganar ta fi shafar matasa: saurayin da ya zama uba bana, da matashiyar da ke goyon fari, da yayyen da ake turawa shago su sayo wa ƙannensu abin da zai sa su yi shiru. Su ne ke miƙa wa yaro kofi a shekarunsa na farko, kuma a waɗannan shekaru ne harshe ke koyon abin da zai riƙa nema idan ƙishi ya taso. Yaron da ya saba kashe ƙishi da ruwa yakan girma yana neman ruwa. Wanda aka saba wa da zaƙi kuwa, ruwa salam zai riƙa yi masa a baki.

Mafi yawan lemon kwalba mai gas yana ɗauke da sukari kimanin gram 10 zuwa 11 a kowane mililita 100. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kusan gram 4, ƙwayar sukari ta kwali kuma kimanin gram 5. Ke nan kwalba mai mililita 350 tana da kusan cokali 9, roba mai rabin lita kuma ta kai cokali 13, wato kusan ƙwayar sukari 10. Babu uwar da za ta ƙirga ƙwaya 10 ta jefa a kofin ɗan shekara uku, amma za a miƙa masa roba guda ya shanye ba wanda ya ɗaga ido, domin sanyi da gas da ɗan tsamin da aka sa a ciki suna ɓoye nauyin zaƙin.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini, kuma in an sauko ƙasa da kashi 5 ya fi. Wannan lissafi ya haɗa da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, amma bai haɗa da zaƙin da ke cikin nono da 'ya'yan itacen da aka ci ɗungurungum ba. Hukumomin lafiya na Birtaniya sun fayyace shi da shekaru: ɗan shekara 4 zuwa 6 kada ya wuce gram 19 a yini, ɗan 7 zuwa 10 kuma gram 24. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a 2016 yaron da bai kai shekara 2 ba kada a ba shi sukarin ƙari sam. Idan aka ɗora waɗannan alƙaluma a kan na kwalba, za a ga ƙaramar kwalba ɗaya ta cinye kason ɗan shekara biyar na kusan kwana biyu, ba a ma zo kan kokon safe da alewa da biskit ba.

Dalilin da ya sa ake ware abin sha daga sauran kayan zaƙi shi ne ruwa ba ya ƙosarwa yadda abinci ke yi. Yaro zai shanye kofi cikin minti ɗaya, sukarin ya wuce hanji ya shiga jini da sauri, kuma jiki ba ya cika rage abin da zai ci daga baya don ya daidaita lissafin. Lemon zaƙi guda da aka ɓare aka ci yana zuwa da tsokarsa da zare-zarensa, ana taunawa, yana daɗewa a ciki. Idan aka matse uku ko huɗu a kofi, an tara zaƙinsu wuri ɗaya an yar da abin da ke rage masa gudu. Shi ya sa a 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ba jaririn da bai shekara ba ruwan 'ya'yan itace ko da zalla ne, ɗan shekara 1 zuwa 3 kuma kada ya wuce kimanin mililita 120 a yini. Da yawa daga cikin lemukan kwali ma ba zalla ba ne. Ruwa ne da sukari da kala da ƙamshi, sai ɗan abin da ba a rasa ba na ɗan itacen da aka zana a jiki.

Haƙori ne ke fara biyan bashin. Mutane kan ce tsutsa ta ci haƙorin yaro, alhali babu wata tsutsa a ciki. Ƙwayoyin bakteriya ne da ke manne a jikin haƙori suke cin sukari, su fitar da asid, asid ɗin kuma ya riƙa narkar da farin rufin nan mai ƙarfi da ke kare haƙori. Bayan kowace kurɓa bakin yakan yi tsami cikin mintuna kaɗan, sai miyau ya ɗauki rabin awa zuwa awa guda kafin ya wanke shi ya fara gyara ɓarnar. Saboda haka yawan lokutan sha ya fi yawan abin da aka sha illa ga haƙori. Yaron da ya sha kofi ɗaya tare da abincin rana, farmaki ɗaya haƙoransa suka sha. Wanda ke yawo da roba a hannu yana kurɓa tun hantsi har la'asar, miyaunsa bai samu sararin yin aikinsa ba ko kaɗan. Ga shi kuma lemon gas da kansa yana da asid tun daga kamfani, haka zoɓo da tsamiya suna da nasu tsamin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa yara kusan miliyan 514 a duniya suna fama da ruɓewar haƙoran farko.

Mafi muni shi ne a cika fida da shayi ko lemo ko madara mai sukari a ba yaro ya yi barci da ita a baki. Da dare miyau yana raguwa, sai zaƙin ya kwanta a kan haƙoran gaba na sama har asuba, kuma su ne ke fara yin dabbare-dabbare su guntule. Sau da yawa akan ce ai zai yi famfara, wasu za su fito. Wannan kuskure ne mai tsada. Haƙoran farko guda 20 ne, sukan fara fitowa wajen wata shida, famfara kuma ba ta farawa sai wajen shekara shida, turamen ciki ma sukan kai shekara 11 ko 12 kafin su faɗi. Yaron da turminsa ya yi kogo yana ɗan shekara uku zai yi shekaru yana jin zafi, yana gudun nama da duk abin da sai an tauna, yana kwana kuka. Idan kogon ya yi ƙurji yana iya taɓa haƙorin dindindin da ke girma a ƙarƙashi, idan kuma aka cire da wuri sai na kusa su matso su tare wa mai fitowa hanya. A garuruwa da yawa likitan haƙori sai an yi tafiya, don haka rigakafin ya fi komai araha.

A ƙasar Hausa akwai wata illa da ta fi ƙiba gaggawa, wato korar abinci. Cikin ƙaramin yaro ɗan ƙarami ne. Idan aka cika shi da ruwan zaƙi dab da lokacin tuwo, zai ture kwano, uwa ta ce ba ya son abinci, sai a sake ba shi lemo don kada ya kwana da yunwa. Haka abin zai yi ta zagayawa. Lemo yana ba da ƙarfi na ɗan lokaci, amma babu abin gina tsoka a cikinsa, babu sinadarin ƙarfe da ke yin jini, babu abin da ƙashi ke bukata. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya gano kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya haura rabi. Kashi 68 na ƙananan yara kuma suna da ƙarancin jini. A irin wannan hali, duk gurbin da lemo ya cika a cikin yaro gurbin wake ne ko ƙwai ko zogale ko kifi ya ƙwace. Kuɗin roba guda a mafi yawan kasuwanni zai sayi ƙwai ko ƙullin gyaɗa ko 'yan ayaba. Abin takaici ne a ga gidan da kuɗin cefane ke wuya, amma ɗan abin da ya ragu a kai shi ga ruwan kala da zaƙi, da kyakkyawar niyyar faranta wa yaro.

Ƙiba da ciwon sukari suna zuwa a hankali, shi ya sa ba a cika danganta su da yarinta ba. A ƙasar Holan an yi wani gwaji da aka wallafa a 2012, inda aka raba yara 641 gida biyu: kashi ɗaya suna shan gwangwani mai mililita 250 mai sukari kullum, ɗayan suna shan irinsa marar sukari. Bayan wata 18, masu shan mai sukarin sun fi sauran ƙara nauyi da kimanin kilo ɗaya. Gwangwani ɗaya ke nan a yini, kuma cikin shekara ɗaya da rabi kacal. Rabin sukarin da ake sha nau'i ne da hanta ke sarrafawa, idan ya yi mata yawa sai ta mai da shi kitse. Yaron da ya taso da ƙiba yakan kai ta girma, tare da haɗarin hawan jini da ciwon sukari nau'i na biyu. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke ɗauke da shi a yankin Afirka, fiye da rabinsu kuma ba su sani ba. Kumatu da damatsa a jikin jariri mai shan nono abin so ne. Ɗan shekara shida da ke haki idan ya ɗan yi gudu kuwa, bai kamata a kira wannan jin daɗi ba.

Akwai lokacin da lemo ke zama haɗari na nan take, wato lokacin gudawa. Idan yaro yana zawo ya ƙi abinci, tausayi kan sa a sayo masa lemo don ya samu ƙarfi. Amma ruwan da sukarinsa ya yi yawa yana janyo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji, sai zawon ya ƙaru, ga shi kuma ba shi da gishirin da yaron ke zubarwa. Abin da ya dace shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS da ake samu a asibiti da kemis, a kaɗa shi daidai da yadda aka rubuta a jikin ledar, tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da shayarwa da ba da abinci. Inda babu ORS, akan haɗa lita ɗaya na tafasasshen ruwa da shafaffen ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri. Sukarin da ke cikin wannan haɗi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wanda ke cikin litar lemo ba, kuma aikinsa shi ne ya taimaki hanji ya zuƙi gishiri da ruwa. Idan idon yaro ya faɗa, ko maɗigarsa ta loɓa, ko ya kasa sha, asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba.

Haka nan kuskure ne a ce malt da madara suna ƙara jini. Malt ruwan hatsi ne mai sukari da yawa, duhun kalarsa kuma ba alamar jini ba ce. Mai ƙarancin jini hanta yake bukata da nama da kifi da wake da ganye, da maganin da likita ya rubuta bayan an duba ko zazzabin cizon sauro ne ko tsutsar ciki ko sikila. Shayi ma yana da nasa aibin ga yara, domin ganyensa yana hana hanji zuƙar sinadarin ƙarfe idan an sha tare da abinci. Lemon kola da shayi da lemon ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin nan na goro da gahawa mai hana barci. Lemon ƙara kuzari ba abin da za a ɗanɗana wa yaro ba ne ko da wasa.

Daga haihuwa zuwa wata shida, nonon uwa kaɗai ya wadatar. Kusan kashi 87 cikin 100 nasa ruwa ne, don haka ko a zafin bazarar Sakkwato ko Yamai jariri ba ya bukatar ruwa, balle ruwan sukari ko gulukos. Idan ya ji ƙishi sai a ƙara sa shi a nono. Dakashin farko da wasu ke matsewa su zubar shi ne rigakafinsa na farko. Zuma kuma, duk da darajarta, ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya kashewa ba, mai sa jiki ya saki har numfashi ya gagara. Daga wata shida a fara abinci, tare da 'yar kurɓar ruwa mai tsabta a kofi, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu kamar yadda addini da al'ada da likitoci suka haɗu a kai. Kunun jariri ba ya bukatar sukari. Garin gyaɗa ko waken suya ko madara ko dakakkiyar ayaba za su ba shi ɗanɗano da amfani a lokaci guda. Babba ne ke ɗanɗana kunu ya ji salam. Jaririn da bai san sukari ba, ba shi da abin da zai kwatanta da shi. Bayan shekara ɗaya, ban da nonon uwa, abin shan yaro na yau da kullum biyu ne: ruwa, da madara ko dafaffen nono marar sukari. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi ba ta cikin wannan lissafi.

Ga gidan da aka riga aka saba, yankewa rana ɗaya ba ta cika ɗorewa ba. Abin da ya fi aiki shi ne a riƙa janyewa kaɗan-kaɗan. Idan ana sa cokali uku a kokon yaro, a mai da shi biyu da rabi na mako guda, sannan biyu, har a sauko ɗaya ko a daina. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har abin da ake sha a da ya koma yana gundurarsa. A nan abin sha na gida ya fi na kanti, domin ma'aunin yana hannun mai dafawa. Zoɓo yana karɓar citta da kanumfari da ɓawon abarba, ƙamshinsu kuma yana rage bukatar zaƙi. Aya tana da nata zaƙin tun daga gona. Fura da nono abinci ne cikakke, kakanni sun sha shi shekara da shekaru ba tare da an cika masa sukari ba. Sai dai a sani cewa mazarƙwaila da zuma da ruwan rake duk zaƙi ne a wurin haƙori da hanta, dabino ma idan aka niƙa shi da yawa a kunu ya zama zaƙi mai yawa. Zoɓo da kunun da ake ƙullawa na sayarwa kuwa sukan fi na gida zaƙi nesa ba kusa ba, domin zaƙin ne ke jawo mai saye, kuma babu takarda a jikinsu da za a duba.

Lemo ba ya zama lada, ba ya zama abin rarrashi. Idan aka ce wa yaro sai ya cinye tuwo za a ba shi lemo, an koya masa cewa tuwo wahala ne, lemo kuma sakamako. Idan duk kuka da kwalba ake kashe shi, an koya masa hanyar samun kwalba. Zai yi rigima a kwanakin farko, amma rigimar tana wucewa idan ya ga maganar ba ta canzawa tsakanin uwa da uba. Abin da ba a ajiye a firji ba, ba a yin faɗa a kansa. Kuma yaro da ido yake koyo: uban da ke kora kowane abinci da lemo mai sanyi ba zai iya shawo kan ɗansa ya sha ruwa ba. Yayye suna da tasiri na musamman a nan, domin ƙane yakan kwaikwayi yayansa fiye da yadda yake kwaikwayon iyayensa, har yadda yake riƙe kwalba.

Wuri mafi wuya shi ne inda lemo ya zama alamar ƙauna da karamci. Kawu ya zo da tsaraba, kaka ta ɓoye wa jikanta a bayan gado, baƙo ya ga yaro ya tsiyaya masa a murfi. Matashiyar uwa, musamman a kan ɗan fari da kunya ke hana ta nuna kulawa a fili, ba za ta iya buɗe baki ta hana surukarta ba. Hikima a nan ita ce kada a hana kaka bayarwa, a dai sauya mata abin da za ta bayar. Ana iya cewa: "Inna, a asibiti sun ce a dakata masa da zaƙi saboda haƙoransa. Ga ayaba, ki ba shi da hannunki, ya fi karɓa a wurinki." Idan dangin miji ne, mijin ne ya fi dacewa ya yi maganar, cikin ladabi kuma ba a gaban mutane ba. Tsofaffi ma sun daɗe suna yi wa zaƙi kallon tuhuma, don haka ba baƙuwar magana za a kawo musu ba.

Ranar Sallah ko suna ko biki, ba laifi yaron da ya wuce shekara biyu ya sha ɗan kaɗan a ƙaramin kofi tare da abinci, a bi shi da ruwa. Abin gudu shi ne abin biki ya koma abin kullum. Watan azumi yana bukatar lura ta daban, domin kwana 29 ko 30 ake jerawa ana cika faranti da zoɓo da kunu da lemo a lokacin shan ruwa, kuma ƙananan yaran da ba su yi azumi ba su ne ke fara miƙa kofi. A ware musu nasu kafin a zuba sukari. Haka abincin makaranta: gorar ruwa da ɗan itace sun fi kwalin lemo, kuɗin tara kuma a san inda yake tafiya, tunda bakin ƙofar makaranta cike yake da masu ƙanƙara mai kala.

Duk wannan ya dogara ne a kan samun ruwa mai kyau. Wasu iyaye suna ba da lemo ne don sun fi amincewa da abin da aka rufe a kamfani fiye da ruwan rijiya, kuma tsoronsu yana da tushe a wuraren da kwalara da taifot ke yawo. Maganin shi ne a gyara ruwan: a tafasa, a bar shi ya huce a randa ko tulu mai murfi, a keɓe moɗa mai tsabta da ba a sa baki a cikinta. Sanyin randa ya isa ya sa yaro ya so ruwa. A ajiye shi inda hannunsa zai kai, a ba shi kofinsa na kansa, a riƙa miƙa masa tun kafin ya tambaya, musamman a watannin Maris zuwa Mayu.

Wanda zai saya a kanti ya koyi juya kwalba ya duba bayanta. A teburin bayanin sinadarai akwai layin da aka rubuta sugars da Turanci, ko sucres da Faransanci a kayan da ke shigowa Nijar, yawanci a kan kowane mililita 100. A ninka adadin gwargwadon girman kwalbar, a raba da 4, sai a samu yawan cokulan. Hoton yaro mai murmushi da alƙawarin bitamin a gaban kwali talla ne. Lemukan da aka rubuta ba su da sukari kuwa, da wasu sinadarai masu zaƙi aka haɗa su. Asid ɗinsu yana nan yana cin haƙori, kuma suna riƙe harshe a kan son zaƙi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan sinadarai wajen rage ƙiba.

Gwamnatoci ma sun shigo maganar ta hanyar haraji. Meziko ta sa peso ɗaya a kan kowace lita a Janairun 2014, sayen waɗannan lemuka ya ragu da kimanin kashi 6 cikin 100 a shekarar farko, raguwar kuma ta fi yawa a gidajen talakawa. Birtaniya ta fara nata a Afrilun 2018, ta ɗaure harajin da yawan sukarin da ke cikin kwalba, sai kamfanoni da yawa suka rage sukarin da kansu don su guje wa biya. Afirka ta Kudu ma ta fara nata a Afrilun 2018. Najeriya ta sa naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Tsarin Birtaniya ya fi ma'ana, domin yana sauya abin da ke cikin kwalbar. Naira 10 kuwa hauhawar farashi ta riga ta haɗiye ta, kuma ba ta taɓa kokon gida da zoɓon bakin titi.

Kula da haƙori yana tafiya tare da rage zaƙi. Daga fitowar haƙorin farko a riƙa goge shi sau biyu a yini da man goge baki mai fulorayid, gwargwadon ƙwayar shinkafa ga wanda bai kai shekara 3 ba, gwargwadon ƙaramar ƙwayar wake ga ɗan 3 zuwa 6, kuma babba ne zai goge masa ko ya tsaya a kansa. Na dare ya fi muhimmanci, bayansa kuma sai ruwa kawai. Idan yaro ya sha abu mai tsami, ya kurkure baki da ruwa a jira kamar rabin awa kafin a sa buroshi ko asuwaki. Sau ɗaya a wata uwa ta ɗaga leɓensa na sama ta duba: farin layi kamar alli a gindin haƙori kusa da dasashi shi ne farkon ruɓewa, kuma a wannan mataki ana iya tsayar da ita. Baƙin tabo mai kauri a bayan wuyan yaro mai ƙiba, wanda sabulu ba ya fitarwa, alama ce ta cewa jiki ya fara gajiya da sarrafa sukari, a kai shi a auna. Yaron da kuma ya fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana yawan fitsari, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, yana ramewa duk da yana ci, ko aka ga kiyashi na taruwa a fitsarinsa, yana iya kasancewa da ciwon sukari nau'i na ɗaya. Wannan nau'in ba shan lemo ke kawo shi ba, kuma rage zaƙi ba ya warkar da shi; allurar insulin yake bukata, a kai shi asibiti a ranar a gwada jininsa.